Awon duhu da sikanar fim: littafin aiki

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Na gaji da rubuta lambobi a bayan ambulan ina ɓatarwa, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Buƙatata ba ta da yawa. Ina wanke fim baƙi-da-fari da hannuna, kuma ina so in daina kintace da ido wajen sanin ko fim ya daɗe a magani ko bai kai ba. Masu sana'ar suna da wata na'ura, densitomita, wadda ba ta da aiki sai faɗa maka kaurin duhun wuri guda a jikin fim. Ni ba ni da ita. Abin da nake da shi sikanar fim ce ta milimita 35, ta kwana biyu amma lafiyarta ƙalau. Sai na ce ai ita ma haske take aunawa, me zai hana ta yi mini aiki biyu? Ga kuma kwalin tsofaffin silaid masu launi, wato fim ɗin da ake haska hotonsa a bango, da nake son ɗauka, waɗanda duk inda inuwa take sai ta fito da dabbare-dabbaren kore da ja kamar an watsa yashi.

Kaurin duhu, da ake rubutawa da harafin D, lissafinsa mai sauƙi ne. In fim ya bar ɗaya bisa goma na hasken ya wuce, D ɗinsa 1.0. Ɗaya bisa ɗari, 2.0. Ɗaya bisa dubu, 3.0. Duk ƙarin 0.30 yana nufin haske ya ragu da rabi. Tun 1890 Ferdinand Hurter da Vero Driffield suka shimfiɗa wannan hanyar awo a Ingila, har yau kuma a kanta ake.

A jikin kwalayen sikana za ka sha ganin an rubuta cewa tana gani har D 4.2 ko 4.8. Na zauna da kalkuleta sai dariya ta kama ni. Sikana mai bit 14 tana ƙirga matakan haske 16,384, logaridim ɗinsu (lissafin nan na D da ke mayar da goma 1, ɗari 2, dubu 3) 4.2 ne. Bit 16 yana ba da 65,536, logaridim ɗinsu 4.8. Ke nan sau da yawa ba sikanar aka auna ba, yawan lambobin da take iya ƙirgawa aka juya aka buga a kwali. Tsawon ma'auni daban, kaifin idon mai karanta shi daban.

Abin gwajina ya iso jiya: tsanin duhu na Stouffer mai matakai 21, siririn fim ne da ya fara daga kusan 0.05 yana hawa da 0.15 har 3.05.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yini guda ya tafi a banza, kuma laifina ne.

Tsanin ya fi tagar sikana tsawo nesa ba kusa ba. Taga milimita 36 ce, shi kuma ya haura santimita 12, don haka matakai shida-shida nake ɗauka, sau huɗu. Na manta manhajar tana daidaita haske da kanta a kowace ɗauka. Da ta ga matakai masu duhu sai ta ƙara lokaci, da ta ga masu haske sai ta rage. Na fito da mataki na 13 ya fi na 12 haske, ina ta zare ido a kan allo.

Na kulle lokacin ɗauka na sake. Yanzu kuma mataki na 14, wanda ya kamata ya ba ni 2.0, sai ya ba ni kusan 0.9. Na jima kafin na gano cewa fayil ɗin an riga an lanƙwasa shi da gama 2.2 don ya yi kyau a ido, kuma hakan yana raba kowane D da 2.2. Awo yana son ɗanyen fayil, bit 16, wanda in haske ya ninka lamba ta ninka. Na kashe kaifafa hoto, na kashe gyaran launi, na kashe goge ƙura na infirared, wanda dama ba ya aiki a fim mai azurfa tunda azurfa tana tare infirared ɗin kamar yadda ƙura ke tarewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Lambobi na farko da zan iya dogara da su. Ina ɗauka a kan ɗigo 3,200 a inci, wato kowane fiksel, ɗigo ɗaya na hoto, kusan maikiron 8 ne a jikin fim (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Na saita lokaci yadda tagar da babu komai a ciki za ta ba da wajen 60,000. Daga nan sai in buɗe hoton a ImageJ, manhajar auna hoto, in zana murabba'i mai fiksel 100 tsaye 100 kwance a tsakiyar kowane mataki, in ɗauki matsakaici, in raba 60,000 da shi, in ɗauki logaridim.

Har zuwa tsakiya abin gwanin sha'awa. Mataki na 7 ya kamata ya zama 0.95, na samu 0.95. Na 14 ya ba ni 1.96 maimakon 2.00, na ce ba komai. Daga nan aka fara zamewa. Na 17 ya ba da 2.34 maimakon 2.45. Na 19 ya ba da 2.56 maimakon 2.75. Na ƙarshe, wanda ya kamata ya zama 3.05, ya tsaya a 2.72. Da na zana su, layin ya miƙe sambal har wajen 2, sannan ya fara kwanciya kamar reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Tsakanin mataki na 20 da na 21 tazarar 0.08 ce kawai, rabin abin da ya kamata.

Na faɗaɗa mataki na 21 a allo na ƙara masa haske. Babu fikseli biyu maƙwabta da suka yarda da juna: wannan 90, na kusa da shi 140, na gaba 105. Ban yi wata-wata ba na rubuta a gefen takarda cewa hayaniyar sensa, wato idon sikana, ce ke cinye duhun, kuma in na kashe ta layin zai miƙe.

Kalmar hayaniya daga wurin masu rediyo aka aro ta. Ita ce shuuu ɗin da kake ji in ka murɗa tsakanin tashoshi biyu. A hoto ba a jin ta, ganin ta ake yi.

Laraba, 22 ga Janairu

Gwajin fitila. Na kunna sikana da sanyinta, ina ɗaukar taga babu komai duk bayan minti biyu. A minti goma na farko hasken ya motsa da kusan kashi 2 cikin ɗari, sannan ya natsu. A lissafin D wannan 0.009 ne. Bai isa ya bayyana kuskuren 0.33 ba ko kusa. Na ɗora wa kaina doka dai: minti goma sha biyar tana kunne kafin in taɓa ta, kuma in ɗauki farin taga kafin da bayan kowane zama.

Lahadi, 26 ga Janairu

Makon nan karatu na yi fiye da aiki, don in san wace hayaniya nake faɗa da ita. Ashe ba guda ba ce.

Idon sikana irin tawa CCD ne, abin da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Bell Labs a 1969, wanda ya jawo musu kyautar Nobel a 2009. Ba allo ne kamar na kyamara ba. Layi uku ne siriri, na ja da na kore da na shuɗi, mota, wato ƙaramin injin ciki, tana jan fim a gabansu taku-taku. Kowane fiksel kamar ƙaramin bokiti ne da haske ke zuba ilektiron a ciki, a ƙarshe a juye a ƙirga.

Hayaniya ta farko ba laifin kowa ba ce, a cikin hasken take. Ka jera bokitai a tsakar gida lokacin yayyafi, ba za su tara ɗigo daidai da juna ba. Haka foton, wato ƙwayar haske, yake sauka. Kuma dokarsa sananniya ce: girman saɓanin shi ne tushen adadin, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka adadin. Bokitin da ya tara 100 zai yi wasa da 10 sama ko ƙasa, kashi goma cikin ɗari ke nan. Wanda ya tara 10,000 zai yi wasa da 100, kashi ɗaya kacal. Ta biyu hayaniyar juyewa ce, wadda lantarkin sikana ke ƙarawa duk lokacin da ya karanta bokiti, ko cike ko wayam, girmanta ɗaya. Ta uku zafi ne ke kawo ta, ilektiron da ke tsirowa ba tare da haske ba, kuma tana ninkawa kusan duk ƙarin digiri 6 zuwa 8. Sai ta huɗu, wadda ba ta canzawa: fikselan ba su zo da ƙarfin gani ɗaya ba. A sikana wannan ba ɗigo yake bari ba, zare yake ja daga farkon hoto zuwa ƙarshe, domin fiksel ɗaya ne ya zana layin gaba ɗaya.

Akwai dabarar raba su da James Janesick ya yi fice da ita a ɗakin binciken JPL na hukumar NASA. Ka ɗauki abu ɗaya sau biyu, ka cire wannan daga wancan. Duk abin da ba ya canzawa zai ɓace, abin da ya rage hayaniya ce zalla, sai ka raba da 1.41 tunda ta hotuna biyu ce ta haɗu.

A takarda kenan. A aikace motar sikana ba ta komawa daidai inda ta tashi, ko da rabin fiksel ne sai ta kauce, shi kuma tsanin yana da nasa tsakin, wato ƙwayoyin azurfar da ke jikin fim. Da na cire hoto daga hoto sai tsakin ya fito ɓaro-ɓaro yana kwaikwayon hayaniya. Sai da na karkatar da fokas da gangan har tsakin ya narke, sannan lambobin suka hau layi.

Abin da suka nuna: kowane ilektiron kusan lamba biyu yake zama a fayil. A farin taga hayaniyar ta kai wajen 350. A 6,000 ta sauko 110. A ƙasa can ta ƙi sauka ƙasa da 20, nan ne hayaniyar juyewa take zaune. Na yi mamaki da na ga wurin haske ya fi wurin duhu yawan hayaniya, amma 350 cikin 60,000 wa zai gan ta? A mataki na 21 kuwa 25 ce cikin 113. Raba 60,000 da 20 ka samu 3,000, logaridim ɗinsa kusan 3.5. Iyakar abin da fiksel ɗaya zai iya gani a ɗauka ɗaya ke nan, komai kwali ya ce.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau na ce sai na ga bayanta. Manhaja tana iya karanta kowane layi sau da yawa ta ɗauki matsakaici. Sau 4 yana rage hayaniya da rabi, sau 16 yana mayar da ita kashi ɗaya bisa huɗu. Na sa sau 16 na tafi na bar ta tana kuka.

Hoton ya fito sumul, sai ka rantse wata sikanar aka canza. Warwatsuwar mataki na 21 ta faɗo daga 25 zuwa 6 da ɗoriya, yadda lissafi ya yi alkawari. Na gwada a kan silaid guda mai inuwa, yashin kore da ja ya tafi, tsakin fim kuma yana nan daram, tunda shi a jikin fim yake kuma kullum wuri ɗaya za a same shi.

Sai na auna D. 2.72.

Na sake zana murabba'in a wani wuri. 2.72. Na zauna shiru na ɗan lokaci, sannan na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar 18. Murabba'ina fikseli 10,000 ne. Matsakaicinsu ya riga ya raba hayaniya da 100. Wato 25 ta koma kwata, wanda a D bai wuce 0.001 ba. Hayaniya tana jefa lamba sama ta jefa ta ƙasa, in ka tara da yawa sai su kashe juna. Kuskurena kuwa kullum gefe ɗaya yake, kullum fim ya fi abin da sikana ta faɗa duhu. Mako biyu ina bin abin da ya fi cika ido, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

Abu guda mai amfani da na tsinta a hanya: a wurin duhu, ɗauka ɗaya mai tsawon lokaci ninki huɗu ta fi ɗauka huɗu gajeru. Haske ɗaya suka tara, amma mai huɗun ta biya hayaniyar juyewa sau huɗu, doguwar sau ɗaya. Da lambobina, rabon sigina, wato lambar da haske ya bayar, da hayaniya 9 ne a gajerun huɗu, kusan 13 a doguwar. Illarta wuraren haske suna cika su tumbatsa, sai an haɗa da gajeruwar ɗauka.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Mataki na 21 ya kamata ya ba da 53 ko 54. Yana ba da 113. Daga ina rarar 60 take fitowa? Na koma kan teburina na cire 60 daga kowane mataki, sai ga layin ya miƙe tun daga farko har ƙarshe. To abu ne da ake ƙarawa kowa daidai wa daida. A kan 6,000 ba ya komai, a kan 53 ya fi mai gidan girma. Zargina ya tsaya kan biyu: ko dai sifilin sikana bai zauna daidai ba, ko kuma akwai hasken da ke shigowa ta bayan gida.

Na samo fallen alminiyom mai laushi, irin wanda haske ba ya ratsawa ko kaɗan. Na yanka wanda ya rufe taga gaba ɗaya, na manne gefunansa da baƙin tef, na ɗaga shi saitin fitila don in tabbatar babu huda ko ta allura. Matsakaici ya fito 8. Na duba fikselan ɗaya-ɗaya, kusan rabinsu sifili ne cif. Wannan ma darasi ne. Sikanar tana cire baƙinta tun a ciki, kuma duk lambar da ta faɗa ƙasa da sifili sai ta datse ta a sifili. Hayaniyar 20 da aka yanke wa rabin ƙasa, matsakaicin abin da ya rage kusan 8 ne. Ke nan 8 ɗin ba haske ba ne, ragowar datsa ce, kuma sifilin sikana lafiya lau yake. Amma na lura: a nan kaɗai hayaniya take iya tura matsakaici gefe ɗaya, in sigina ta kusa ƙasa har datsar ta fara cinta.

Sai gwaji na biyu. Na yanka siririn alminiyom daidai faɗin tsanin, kusan milimita 13, na shimfiɗa shi a tsakiyar taga na bar sama da ƙasa a buɗe, yadda tsanin yake zama. Tsakiyar ƙarfen nan, inda babu foton ɗaya da ya ratsa, ta ba ni 60 da 'yan kai. Kusa da baki kuma ta haura 200.

Shi ke nan, an kama ɓarawo. Taga milimita 24 ce a faɗi, tsanin ya rufe rabi kawai, sauran rabin ɗanyen haske ne ke kwarara. Yana bugun gilasan lens, yana bugun madubi da bangon ciki, wani kaso kaɗan ya warwatse ya sauka inda ba a aike shi ba. Kason nan ɗaya bisa dubu ne kacal, 60 cikin 60,000. Amma ɗaya bisa dubu shi ne D 3.0. Sikanar da ke da wannan kutsen haske ba za ta taɓa faɗin lambar da ta wuce 3.0 ba, ko bango ka sa mata, kuma fim mai 3.0 na gaske za ta kira shi 2.7.

Na yanka baƙar takarda mai kauri da 'yar taga daidai mataki ɗaya. Ta cikinta na ɗauki fari, ta cikinta na ɗauki kowane mataki, ɗaya bayan ɗaya har 21, bayana ya gaya mini. Na ƙarshe ya ba da 58, wato 3.01.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani abokina da ke da densitomita ta gaske ya auna mini tsanin. Duk matakan suna cikin 0.02 na abin da aka ce. Na ji daɗi, domin da can ina auna sikana da sandar da ni kaina ban san tsawonta ba.

Ya kuma ɗauki tsanin a tasa sikanar, mai fitilar LED da ke harba haske tsaye. Tasa ta karanta matakan tsakiya da duhu fiye da tawa. Ya ce, "Malam, taka ce ke ƙarya." Na ce babu mai ƙarya a cikinsu. André Callier ya bayyana wannan tun 1909: ƙwayar azurfa ba shanye haske kawai take yi ba, tana watsa shi gefe. In haske ya zo tsaye kamar kibiya, wanda aka watsa ya ɓace wa lens, fim ya ƙara duhu. In ya zo a baje ta kowace kusurwa, irin na tawa mai farin gilashi gaban fitila, abin da aka watsar daga nan wani ya maye gurbinsa daga can. Fim mai launi rini ne ba azurfa ba, ba ya watsawa sosai. Don haka gyaran da na samo da tsanin azurfa ba zan ɗora shi kai tsaye a kan silaid ba. Ga kuma batun tacewar launi: ƙa'idar ISO 5 ta ware Status A don silaid, Status M don negatif mai launi, ja da kore da shuɗin sikana kuwa ba su dace da ko ɗaya ba. Na ajiye wannan sai na samo allon launi na IT8, wanda ake daidaita launin sikana da shi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Baƙar takarda ta warware awo, ba ta warware hoto ba. Silaid ba ya zuwa mataki-mataki. Akwai guda da nake ta gwaji da shi, mutum ne tsaye a bakin ƙofa, bayansa farin sarari, fuskarsa cikin inuwa. A teburin haske da madubin dubawa ina ganin idanunsa da layin wuyan rigarsa. A sikana fuskar tana fitowa kamar an shafa mata toka, kuma tokar ta fi kauri ta ɓangaren sararin. Ba zan iya cire 60 in huta ba, domin kutsen ya danganta da abin da ke cikin hoton. Hoton dare kusan babu, hoton rana da yawa, kuma a hoto ɗaya ma gefe ya fi gefe.

Saboda haka na zare waya daga soket na kwance murfin. Madubin da ke karya haske zuwa lens yana kwance yana kallon sama, shekara da shekaru yana tara abin da iska ta kawo. Da ido tsaye tas yake. Da na haska tocila ta gefe sai ga wani farin hazo ya lulluɓe shi. Irin madubin nan rufinsa a fuska yake ba a baya ba, ɗan gugar ganganci ya isa ya ƙarce shi har abada. Na fara hura iska da roba, sannan na ɗiga ruwan goge lens a auduga na ja sau ɗaya ba tare da dannawa ba, na jefar, na ɗauki sabuwa. Hannuna har rawa yake.

Na mayar da komai na sake gwajin siririn alminiyom. Daga 60 ya sauko 25. Mataki na 21 ba tare da baƙar takarda ba ya tashi daga 2.72 zuwa 2.88. Mutumin bakin ƙofa ya samu idanu. Na kuma fara rufe gefunan kowane fim da baƙin firam, kada haske ya zagaya ta ramukan gefe.

Asabar, 8 ga Maris

Na koma kan abin da ya sa na fara, negatif ɗina baƙi-da-fari, sai na ga abin dariya. Wurin da ya fi duhu a cikinsu, wanda nake kula da shi don sanin lokacin wanki, bai cika wuce 1.3 ba. A can kutsen 60 kuskuren da yake kawowa bai kai 0.01 ba. Ashe tun ranar 18 ga Janairu sikanar ta isa wannan aikin. Silaid ne, da inuwarsu ke kaiwa 3 har ta wuce, suka ci moriyar duk wahalar.

Inda negatif ke da tarko ɗaya ƙarshen ne. Ana gane saurin fim ne daga wurin da duhu ya kai 0.10 bisa tushen fim da hazonsa. A nan sigina tana da yawa, hayaniya da kutse ba su da ta cewa, amma motsin fitilar nan na 0.009 da na raina ranar 22 ga Janairu kusan kashi goma cikin ɗari ne na abin da nake aunawa. Yanzu tushen fim da wurin awo a ɗauka ɗaya nake haɗa su, kada fitila ta samu damar shiga tsakani.

Sabuwar matsala tun bayan da na buɗe cikinta: wani siririn zare mai ɗan haske yana bin tsawon kowane hoto, kusan kashi ɗaya bisa uku daga gefen hagu, a launin kore kawai. Ɗauka sau 16 ba ta taɓa shi ba, ƙara fito da shi ma ta yi tunda yashin da ke ɓoye shi ya kau. Sikanar tana auna ƙarfin fikselanta ne ta wata 'yar kafa a bakin mariƙin fim kafin kowace ɗauka. In ƙura ta zauna a hanya lokacin, za ta ɗauka fikselan wurin raunana ne ta ƙara musu ƙarfi, sai su zana layi mai haske. In kuwa fiksel ne mai zafi, layin zai bayyana ko a cikakken alminiyom, kuma zai ƙaru in na tsawaita lokaci ko sikana ta yi zafi. Gobe zan ɗauki alminiyom sau biyu, ɗaya da sanyin safiya ɗaya bayan ta yi awa biyu tana aiki, lokaci ninki ɗaya da ninki huɗu kowanne. Mariƙin fim ɗin na riga na wanke shi, yana can yana bushewa.